Mai Taɓa Fayilolin Alhaji

"Duk mai lalata min kwamfutar nan, korarsa zan yi!" in ji Alhaji Dabo, mai shagonmu.

Ni na san ko waye. Kullum da safe Isyaku yakan lallaɓa ya cusa wasu fayiloli cikin foldar manhajar buga kati. A ganina shi ne mai ɓarnar, don haka da yamma ni kuma in mayar da su babbar folda, wurin 'yan uwansu.

Na daure na kai ƙararsa.

Isyaku ya ce, "Ranka ya daɗe, laburaren manhajar ne, wato fayilolin da take aiki da su. In ba sa gefenta ba ta tashi. Wani ke kwashe su da yamma, ni nake mayarwa."

"Waye?"

Ko kallona bai yi ba. "Ban gan shi ba, Alhaji."