Mai Hoto da Kwamfutar da Ta Sandare

Ɗan'uwa, kafin ka yanke hukunci cikin wannan zafin zuciya, zauna in ba ka wani misali.

An yi wani mai ɗaukar hoto da ke da shago a bakin kasuwa, duk hotunan bukukuwan da ya ɗauka a kwamfuta ɗaya yake tara su. Wata rana ya ga launi bai fita yadda yake so a allonta ba, sai ya sauko da wata manhaja daga intanet wadda aka ce tana ƙara wa launi haske, ya saka. Da ya sake kunna kwamfutar, ta tashi lafiya lau, ta nemi kalmar sirri, ya rubuta, ta karɓa. Daga nan sai ta sandare. Allo ya yi toka-toka, 'yar kibiyar nuni ta kafe a tsakiya, fanka kuwa tana ta juyawa a ciki. Ya kashe ya kunna har ya gaji. Ya aro allon maƙwabcinsa ya jona, duk kanwar ja ce. Yana cikin wannan gumi sai ga wata mata da goyo, wadda ya ɗauki hotunan sunan ɗanta kwanakin baya. Mahaifinta ya rasu jim kaɗan bayan sunan, dattijon da bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba sai ran nan. Ta ce, "Malam, ko guda ɗaya ne ka wanke min, wanda Baba yake riƙe da yaron." Kunya ta hana shi faɗa mata halin da ake ciki, ya ce ta dawo bayan la'asar.

Ya kira mai yi masa gyara a waya, ya tarar ya yi tafiya. Mai gyaran ya ce, "Kada ka taɓa komai. Tunda ta karɓi kalmar sirri, tana da rai, kayanka ma suna nan. Abin da ke zana hoto a allo ne ya saɓa da manhajar da ka saka. Akwai wani baƙin shafi na rubutu zalla, gobe in na dawo ta nan zan shiga in cire ta." Amma gobe ta yi wa mai hoto nisa. Ya lalubo filas ɗin da aka ɗora wa kwamfutar tsarin aikinta da shi tun farko, ya soka, ya fara sabon ɗori. Ta yi masa tambayoyi, ciki har da ko a share abin da ke kanta, shi kuwa bai tsaya karantawa ba, yana ta danna e. Kafin la'asar ta buɗe tangaran, launi kamar ka lasa. Ya shiga inda yake ajiye hotuna, ya tarar wayam, kamar ɗakin da aka kwashe kaya aka share.

Matar ta dawo. Ya yi mata bayani kansa a sunkuye. Ta yi salati, ta gyara goyonta, ta ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri," ta fita. Washegari mai gyara ya yini yana tono, ya ceto 'yan hotuna kaɗan, amma babu fuskar dattijon a ciki. Ya ce da an jira shi, gyaran bai kai tsawon shan shayi ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira aka rasa ido.