Kwalbar Hagu

Kwalabe biyu na humra tsohuwar ta ajiye bisa tabarma, launi ɗaya, kauri ɗaya. Matar kwamanda ta shinshina wannan, ta shinshina waccan, har hancinta ya rikice. Sai ta juya ta ce tafinta ya zaɓar mata.

Tafinta kuwa, Mushe Mahamman kamar yadda Faransawa ke kiransa, gumi ya riga ya jiƙa masa kwat sharkaf. Duk barikin Dakoro an san shi ɗan attajiran Katsina ne, maraya, wanda ya yi lakwal, makarantar Faransawa. Da bakinsa ya faɗa, kuma a kan haka ake yi masa maganar auren ɗiyar sarki. Yau ga shi tsautsayi ya tsayar da shi gaban mai turaren garin Ajekoriya, wadda ta san shi tun yana Abarci, yana bin awakin mutane ko wando babu. Ga kuma Hama, gardin bariki da ke riƙe wa madam lema, mutumin da magana ba ta kwana a cikinsa. In tsohuwar ta ce "Abarci" sau ɗaya, shi ke nan, kafin la'asar kasuwa ta ɗauka.

Sai Mahamman ya riga ta. Ya daka mata tsawa ta gyara lulluɓi gaban manya, ya ce wa madam da Faransanci mutanen daji ne, sai haƙuri. Tsohuwar ba ta ɗago ba, ko gefen da yake ba ta duba ba.

Bai buɗe ko ɗaya ba, ya nuna ta hagu.

"Ɗan nan," in ji tsohuwar, tana duban Hama, "ka ce ma wancan ta dama ta fi kama jiki. Ita nike shafawa."

Mahamman ya fassara cewa ta yaba da zaɓinsa. Ya san sarai ta dama ta fi, amma ina zai iya, kullum madam ta gitta ta gabansa da wannan ƙamshi?

A hanya Hama sai dariya yake, wai kwarjinin mushe ya hana tsohuwa ko kallonsa. Mahamman kuwa kunya ta rufe shi har bai ganin gabansa. Tsoron banza ya ji, tsawar banza ya yi. Ko su biyu kaɗai ne a kasuwar nan tsohuwar ba za ta kira sunan ba. Tun ranar da ta haife shi ba ta taɓa faɗinsa ba, don shi ne ɗanta na fari.