Ƙwayar Gyaɗa Ɗaya

Malamin kimiyyarmu a Kangire, Malam Haruna, ya ce kowa ya zo da ƙwayar gyaɗa ɗaya, za mu auna ƙarfin da ke cikin abinci. Da na faɗa wa Inna, sai ta riƙe haɓa.

"Ƙwaya ɗaya za ka kai wa malami? Ba dai daga gidan nan ba."

Ta cika mini kwano fal. Haka na shiga aji da shi a ka, ana ta yi mini dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Malam bai yi dariya ba. Ya zaɓi ƙwaya ɗaya, ya soke ta da allura, ya ƙyasta mata ashana, ya riƙe ta ƙarƙashin gwangwanin madara mai ruwa. Ta kama ci bal-bal, mai yana ɗiga, ƙauri ya cika ajin. Muka zuba wa ma'aunin zafin da ke cikin ruwan ido, jan layinsa yana hawa a hankali.

"Wannan wutar ce ke kai ku gona ta dawo da ku," in ji Malam. Sai ya dubi kwanon. "Innarka kuwa ta aiko da wadda za ta ishi aji guda. A raba."

Masu dariyar nan su suka fara miƙo hannu.

Lissafin ranar ya daɗe da ɓace mini. Amma har yau in na ji ƙaurin gyaɗa, Inna nake gani, hannunta a haɓa.