Rijiyar Da Aka Rufe Wa Baki

Tunda an damƙa maka aikin jama'a, kuma na ji bakinka ba ya rabuwa da zancen sababbin injuna, gyara zama ka ji abin da ya sami wani mai lambu.

Mutumin nan ya gaji rijiya a gefen fadama, wadda ta shayar da lambun gidansu da rabin unguwa tun zamanin kakansa, ba a taɓa jin ta ƙafe ba. A cikinta, kamar gaba uku daga baki, akwai wani baƙin dutse da ya turo kai daga jikin bango, mutanen gidan suna kiransa Dattijo. Ƙa'idarsu ɗaya ce: mai jan ruwa sai ya leƙa kafin ya jefa guga. In ya ga Dattijo ya fito sarari, to a ɗaure jigon jan ruwa, a bar rijiya ta huta har ruwa ya sake rufe shi, ko da kuwa albasa ta kwanta don ƙishi. Shi mai lambu tun yana saurayi abin nan ke ci masa tuwo a ƙwarya, don a ganinsa dutse ne kawai ya tsaya tsakaninsa da arziki. Kada ka zalunce shi, ba mugu ba ne. Zafin nema gare shi, irin mutanen da in rana ta faɗi sai su ji kamar an yi musu sata.

Da Allah ya buɗa masa, sai ya sayo famfo mai aiki da hasken rana. Ba fetur, ba ciwon baya, gari na wayewa ruwa na bulbulowa. Masu haɗa injin suka ce ganye da shara za su lalata shi, gara a yi wa rijiyar murfin siminti, a bar 'yar kafar da mesa za ta shiga. Aka yi haka. Ya kafa wa matan unguwa kan famfo a bakin shinge, suka yi ta sa masa albarka. Fangalin shuka ashirin suka koma ɗari. Ya ga har yanzu ruwa na malala a banza, sai ya haƙa tafkin kifi, bayan nan ya kira masu buga bulo suka kafa sana'a a gefe. Kowane aiki ya naɗa masa mai kula, kowanne ana bin sa da ido safe da yamma. Leƙa rijiya ne kaɗai ba a ɗora wa kowa ba. To ta ina ma za a leƙa?

Wata rana mahaifiyarsa, tsohuwa da idonta ya yi rauni, ta dogara sanda ta zo ta shafa simintin nan da tafin hannu. Ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa. Ta ce, "Kai wannan, ka rufe wa Dattijo ido. Yanzu wa zai ce maka bari?" Ya ce, "Haba Inna, wancan zamani ya wuce. Ruwan Allah ai ba ya ƙarewa." Ta ce, "Na Allah ba ya ƙarewa. Na rijiya fa?" Ya yi dariya, ya sa aka kai mata kwandon tumatir gida.

A rani na uku ruwa ya fara zuwa ja, daga nan ya koma kunun laka, sannan famfo ya yi ta tari ba ya fitar da komai. Da aka fasa murfin, sai ga Dattijo a bushe ƙayau, gizo-gizo har ya yi saƙa a kansa. Masu yasar rijiya suka shiga suka fito suna girgiza kai. Suka ce injin ya daɗe yana zuƙe yashin da ke ƙarƙashin bango, bangon ya rufta ya danne idon ruwan, sai dai haƙuri. Kifi suka juyo ciki sama, albasa ta ƙone a tsaye, masu bulo suka kwashe kayansu ba ko sallama. Matan unguwa suka koma bin hanyar wani ƙauye mai nisa da jarkoki a ka. In sun wuce shi sai su ce, "Sannu da aiki, maigida," ba wadda ta taɓa yi masa gori, shi kuwa da sun zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ana cikin zafin bazara tsohuwa ta cika. Mata suka leƙo daga cikin gida suna neman ruwan wanka, randuna duk a kife. Jama'a sun taru a rana suna jiran jana'iza. Bai iya aiken kowa ba, shi da kansa ya ɗauki jarka biyu ya kama hanyar ƙauyen nan. Ya yi sallama a ƙofar wani mutum da bai san shi ba, ya ce a taimaka masa da ruwan wankan gawa. Mutumin ya cika masa, ya yi masa gaisuwa, sannan ya tambayi gidan da aka yi rasuwar. Da ya faɗa, sai mutumin ya saki baki ya ce, "Gidan mai rijiya?" Mai lambu ya sunkuya ya ɗauki jarkokinsa, ya juyo gida yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana lallaɓa tafiya don kada ruwan ya zube.

Shi ya sa Hausawa suka ce, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.