Malamin Lissafi Ba Ya Karɓar Amsar Gayya

Malamin lissafin nan na unguwarmu, wanda ko akuya ta harare shi sai ya sunkuyar da kai, shi ne fa ya tara tsofaffin ɗaliban kwalejin horon malamai suka kafa ƙungiya, wai don a gyara rufin ajujuwa. Rufin dai yana yoyo, amma kowa ya san don Sakatariyar ƙungiyar yake wannan zirga-zirga. Ga shi an yi mata canjin wurin aiki, tana shirin tafiya.

Ranar da aka gama gyara, suka taru a tsohon ajinsu ana tafi da shewa. Malam ya miƙe gaban allo, alli a hannunsa. Ya dubi Sakatariya, ta dubi farcenta.

"Malama," ya ce, "in na turo manyana gidanku, za a buɗe musu ƙofa?"

Aji ya kaure. "Ta yarda! Wallahi ta yarda!" Tsohon shugaban kwalejin har da buga benci da sanda: "Kai ɗan nan, ashe kana da baki!"

Sai halin aji ya motsa wa Malam, ya daki tebur.

"Shiru! Ba na karɓar amsar gayya! Wanda ya sani ya ɗaga hannu!"

Wuri ya yi tsit. Gumi ya karyo masa. Shi ke nan, ya ɓata rawarsa da tsalle.

Sakatariya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kafaɗunta na girgiza don dariya. Sannan, a hankali, ta ɗaga hannu.