Sabuwar Sandar Wendell

Baƙar ƙwallo na faɗawa rami, Wendell ya sumbaci sabuwar sandarsa ta wasan sinuka, don yau shi ya ci. Wani gwani a garin Dayton ya sassaƙa masa ita daidai hannunsa, sai da Wendell ya sayar da babur ɗinsa dominta. Shekara da shekaru abokinsa Lonnie ke lallasa shi kullum a teburin nan.

"Tsoho, yau ina bakin naka? Mu ƙara?" in ji Wendell.

Lonnie ya yi murmushi. "Sanda ta yi, mutumina."

Sai ga matar Lonnie ta shigo, ta kama hannun mijinta ta ɗora a kafaɗarta. Ta dubi Wendell.

"Bai gaya maka ba ko? Tun bara dishi-dishi yake gani. Makon nan ido ɗaya ya mutu gaba ɗaya."