Sabon Takalmin Baba

Ranar da Baba ya sauka a birnin da Auta ke aiki a ƙasar waje, abin da ya fara tsone mata ido shi ne takalminsa. Tsohon silifas ne na fata, ya sha faci har ya gaji. Ita kuwa ta daɗe tana cin burin wannan ziyara. Mahaifinta tela ne, da ƙafarsa ya taka keken ɗinki har ta gama karatu, yau ga shi za ta nuna masa duniya.

"Haba Baba, da wannan za mu shiga hoto? Ai sai a ce na bar ka a wulaƙance."

Washegari ta kawo masa sau-ciki baƙi mai sheƙi. Ya saka, ya ɗan taka a tsakar ɗaki.

"Kamar ya kama ni ta gaba, Auta."

"Sabo ne, Baba. Zai saki."

Auta ta san yana da ciwon suga. Ita ta hana shi sukari a shayi, ita ta zuba maganinsa a jakarta. Abin da ba ta sani ba shi ne ciwon ya daɗe da kashe masa jin ƙafa. Shi ma bai ɗauki abin a bakin komai ba, cewa yake ƙafar tela ce, ta saba da wahala.

Suka fita a ƙafa. Suka bi titunan da aka shimfiɗe da duwatsu, suka haye doguwar gada, suka tsaya gindin wata tsohuwar hasumiya. Baba sai baza ido yake kamar yaro. Da suka iso gaban wani mutum-mutumi da ke tsaye ba riga, ya riƙe baki.

"Duk telolin garin nan an rasa mai taimakon bawan Allah?"

Auta ta yi dariya har da hawaye. Rabonta da farin ciki irin wannan ta manta.

Can da rana ta yi sanyi ya nuna wani benci, ya ce ko za su ɗan zauna. Ta ce saura wuri ɗaya, kada haske ya tafi hoton ya ƙi kyau. Ta ga tafiyarsa ta canza, ta ce gajiya ce. Shi kuma ganin yadda take murna, sai ya haɗiye maganarsa ya bi ta.

Da suka koma gida ta durƙusa ta cire masa takalmin. Safar ƙafar dama ta manne da jini. Babban yatsa ya saɓule, ƙarƙashinsa ya yi rami.

"Baba! Ba ka ji ba?"

"Wallahi ban ji komai ba, 'yar nan."

Ta ce su tafi asibiti, ya ce a kan ɗan wannan? Ba ya ko zafi. Rashin zafin ne ya yaudare su duka biyun. Ta wanke, ta manna filasta, suka ci gaba da yawonsu har ranar komawarsa.

Bayan 'yan makonni Yaya, babbar 'yarsa, ta kira Auta a waya tana kuka. Yatsan ya yi baƙi, ƙafar ta kumbura tana wari, sai da zazzaɓi ya kayar da shi sannan ya yarda aka kai shi asibiti. Likita ya ce an makara. In ana son ransa, sai an yanke daga ƙasan gwiwa.

Auta ta iso gida bayan an gama. Ta tarar da shi kwance ya rame, zanen da aka rufa masa ya faɗa a inda ƙafa ya kamata ta kasance. Keken ɗinkin yana lungu an lulluɓe shi da tsumma. A jikin bango ga hotonsu gindin hasumiya, yana murmushi, takalmi na ƙyalli.

Ta faɗi a bakin gadon tana cewa ita ce, ita ta jawo. Ya dafa kanta.

"Daina kuka. Ai na ga duniya." Ya nuna ƙarƙashin gado, inda sau-cikin yake ajiye. "Na hana su bayar da shi, tunda ke kika saya. Yanzu guda ɗaya ma ya ishe ni."

Wasa ya yi don ta yi dariya. Har yau maganar ba ta bar ƙirjinta ba.

Jama'a, mai ciwon suga yana iya jin rauni a ƙafa bai sani ba. A duba ƙafarsa kullum, kada ya yi doguwar tafiya da takalmin da ya matse shi, kuma ko ƙwarzane aka gani a kai shi asibiti. In tsohonka ya ce abu ya ɗan dame shi, tsaya ka saurara, don iyaye sukan rage kukansu saboda kada su ɓata mana murna.